Ƙaramar kwamfutar gem a zafin Abuja: yadda za ka rage zafi da ƙara ba tare da gudunta ya ragu ba

Duk wutar da kwamfuta ta ja daga soket, zafi take komawa. Idan na'urarka tana jan wat 300 lokacin da kake buga gem, to hita mai wat 300 ka kunna a ɗakinka. Kwatankwacin mutum uku ne suka shigo suka zauna tare da kai, domin jikin mutum a zaune wajen wat 100 yake fitarwa. Babban akwati da ƙarami zafi ɗaya suke haifarwa matuƙar kayan cikinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne ƙaramin ba shi da wurin babban ƙarfen sanyaya da manyan fankoki, don haka dole ƙananan fankokinsa su yi gudu sosai kafin su kore zafin, kuma gudun nan shi ne ƙarar da ke damunka. Gudu da zafi da ƙara igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ka ja ɗaya sauran su motsa.

Akwai kuma abin da mutanenmu suke mantawa idan sun kalli bidiyon masu gwada kaya a YouTube. Yawancin gwaje-gwajen nan ana yin su ne a ɗakuna masu sanyin digiri 21 zuwa 23. Ɗaki a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, da rana tsaka a watan Maris, babu AC, yana iya haura digiri 33. Ƙarfen sanyaya ba ya iya sauke zafi ƙasa da na iskar da yake shaƙa, kuma kusan duk digiri ɗaya da ya ƙaru a ɗaki, digiri ɗaya ne zai ƙaru a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto, wanda yake zana hotunan gem. Akwatin da aka nuna maka yana riƙe kati a digiri 72 a Turai, a nan lissafa 83 ko 84. Wannan kuwa daidai wurin da katunan NVIDIA suke fara rage gudunsu ke nan. Mutumin Jos yana da sauƙi a nan. Garin yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarsa ta fi ta bakin teku sirancewa da fiye da kashi 10 cikin 100, abin da ke ɗan rage ƙarfin fanka, amma sanyin garin ya rufe wannan giɓin har da saura. Mu da ke Abuja ba mu da wannan gatan daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Saboda haka dabarar ba ta tara fankoki ba ce. A rage wutar da ke shiga tukuna, sannan a nemi hanyar fitar da zafin da ya rage.

Tun daga wajen saye

Kafin ka nufi Banex Plaza a Wuse 2 ko ka yi oda daga waje, duba wat ɗin kowane kaya kafin ka duba sunansa. A katunan hoto, RTX 4060 wat 115 yake ci, RX 6600 wat 132, RTX 4060 Ti wat 160, RTX 3060 wat 170, RTX 4070 wat 200, RTX 3070 wat 220, RTX 3080 kuma wat 320. Dubi 4070 da 3080: ƙarfinsu a gem kusan ɗaya ne, amma akwai tazarar wat 120 tsakaninsu. A babban akwati za ka iya cewa 3080 na hannu ya fi araha ka ɗauka. A akwatin lita 10 ko 11, a ɗakin da babu AC, arahar nan za ta dawo maka a kunne kullum dare.

Haka furosesa. Ryzen 5 7600 iyakar abin da yake ja wat 88 ne, kuma ya ishi kusan kowane gem. Ryzen 7 7800X3D an rubuta masa wat 120, amma a cikin gem abin da yake ci bai kai haka ba ko kusa, shi ya sa masu haɗa ƙananan kwamfutoci suke son sa. Core i9-13900K kuwa yana iya kaiwa wat 253. Babu gajeren ƙarfen sanyaya da zai ɗauki wannan, kuma wanda ya cusa shi a ƙaramin akwati ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba.

Akwatin kansa, ga wanda yake farawa, wanda ya kai lita 18 irin Cooler Master NR200 ya fi kwanciyar hankali. Yana ɗaukar madabod (babban faifan da ake jona duk kayan a kansa) na Mini-ITX mai santimita 17 kowane gefe, da dogon ƙarfen sanyaya har kusan milimita 155, da fankoki masu milimita 120 a sama da ƙasa. NR200P yana zuwa da murfin gefe biyu, na gilashi da mai huji-huji. Ajiye na gilashin a kwali. Yana da kyau a ido, amma bango ne a gaban iska. Akwatunan da suka fi ƙanƙanta, irin Fractal Terra mai lita 10.4 ko Lian Li A4-H2O mai lita 11, suna ɗora katin hoto a bayan madabod, baya da baya, su haɗa su da wata shimfiɗaɗɗiyar igiya da ake kira raiza. A irinsu kowane milimita yana da daraja. Terra yana karɓar ƙarfen sanyaya mai tsayin milimita 48 zuwa 77, gwargwadon inda ka matsar da ƙashin tsakiyarsa, kuma duk abin da ka ba furosesa daga katin hoto ka ƙwato shi. Noctua NH-L9 milimita 37 ne, Thermalright AXP90-X47 milimita 47, Noctua NH-L12S milimita 70. Auna tsawon katin da kaurinsa da abin awo kafin ka biya, kada ka dogara da hoton kwali.

Abu biyu kan lalata irin wannan haɗin. Na farko, idan fanka ta manne da murfin gefe, iskar da ke ratsa hujojin takan yi wani gurnani mai ban haushi ko da fankar ba ta gudu sosai. Bar tazarar 'yan milimita, ko da za ka haƙura da ɗan gajeren ƙarfe. Na biyu, idan igiyar raiza ta PCIe 3.0 ce, katin da madabod kuma na 4.0, za ka iya kunnawa allo ya zauna baƙi ƙirin. Kayan ba su lalace ba. Haɗa monita da madabod kai tsaye idan furosesarka tana da hoton ciki, wato tana iya fitar da hoto ba tare da kati ba, ko ka soka katin a madabod ba tare da igiyar ba, ka shiga BIOS, shafin saitin madabod da ake buɗewa lokacin kunnawa, ka mayar da ramin katin zuwa Gen 3, wato PCIe 3.0.

Su kuma 'yan ƙananan kwamfutocin da ake sayarwa a haɗe, irin na Beelink da Minisforum masu Ryzen 7 7840HS da hoton ciki Radeon 780M, wat ɗinsu kaɗan ne, sun dace da mai infata. Sai dai ka tabbatar RAM ɗinsu, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, sanda biyu ne. Hoton ciki da RAM yake aiki, kuma sanda ɗaya yana raba hanyar bayanai biyu, gem ya riƙa tsinkewa alhali babu ruwan zafi a ciki.

Auna kafin ka taɓa komai

Sauke HWiNFO64 da MSI Afterburner, duka kyauta ne. Samo ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki ka ajiye kusa da inda kwamfutar take shaƙar iska. Buɗe HWiNFO a sashen Sensors, ka buga gem ɗin da ka saba bugawa minti 30 cur. Minti biyar ba ya nuna komai, ƙarafan ba su gama ɗaukar zafi ba. Bayan nan rubuta zafin ɗaki, da na furosesa, da na katin hoto, da wurin da ya fi zafi a katin wanda aka rubuta Hot Spot, da na SSD, ma'ajiyar da gem da fayilolinka suke ciki, da wat ɗin da kowanne ya ja.

Lambobin da za ka auna da su: Ryzen 7000 na yau da kullum iyakarsu digiri 95, kuma an ƙera su ne su matsa kusa da nan idan aiki ya yi nauyi, don haka ganin 90 a gwajin Cinebench, manhajar da take matsa wa furosesa lamba don gwada ta, ba abin tashin hankali ba ne. 7800X3D iyakarsa 89. Intel na ƙarni na 13 da 14 iyakarsu 100. SSD na NVMe kan fara rage gudu daga wajen digiri 70 zuwa 80, kuma wanda aka saka a bayan madabod, inda zafin katin hoto yake dukansa, shi ya fi kaiwa can. Alamarsa gem ya riƙa daskarewa na ɗan lokaci idan yana loda sabon wuri.

Sai ka cire murfin gefe ka sake gwajin. Wannan gwajin ya fi kowanne amfani. Idan zafi ya sauka da digiri 8 ko 10, matsalar iska ce, ba ta shiga ko ba ta fita. Idan bai sauka ba sai digiri 2 ko 3, akwatin ba shi da laifi, duba ƙarfen sanyaya da man da ke ƙarƙashinsa. A katin hoto, tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakanin zafin katin da Hot Spot daidai ce. Idan ta haura 25, man ya bushe ko ya gudu gefe, abin da ya zama ruwan dare a katunan hannu.

Rage wuta

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo, kuma shi aka fi rainawa. Idan monitarka mai 60Hz ce, hotuna 60 kaɗai take iya nunawa a sakan ɗaya. Katin da yake zana 180 yana ƙona wuta ne a kan 120 da ba za su zo maka da wani amfani na a zo a gani ba. Ka ƙayyade yawan firam, wato hotunan da katin yake zanawa a sakan, a saitin gem ɗin, ko a NVIDIA Control Panel wurin Max Frame Rate, ko a Adrenalin na AMD. A gem ɗin ƙwallo da sauran marasa nauyi, wannan kaɗai kan sa fankar kati ta yi shiru. Yana kuma rage siririn kukan nan mai kama da na gyare da wasu katuna suke yi, musamman a shafin farko na gem inda firam kan haura ɗaruruwa. Kukan daga naɗaɗɗun wayoyin da ke kan katin yake fitowa, ba alamar lalacewa ba ce.

Na biyu, a Afterburner ja Power Limit zuwa 80 ka danna alamar amincewa. Katuna suna fitowa daga kamfani a matse, wat ɗin ƙarshe-ƙarshe da suke ci gudu kaɗan yake sayowa. Cire kashi 20 na wuta galibi ba ya rage gudun da ya kai kashi 10, sau da yawa ma ido ba ya ganewa.

Na uku shi ne rage boltej, kuma ya cancanci haƙurin da yake buƙata. A Afterburner danna Ctrl da F, wani zane mai ɗigo-ɗigo zai fito: ƙasa boltej, gefe gudu. Ka riga ka san gudun da katinka yake riƙewa a gem daga awon da ka yi, a ce 1,900 MHz a kan RTX 3070. Kama ɗigon da ke kan 900 mV ka ɗaga shi zuwa wannan gudun. Sannan riƙe Shift ka zaɓi duk ɗigon da ke damansa, ka ja su ƙasa, ka amince, za su miƙe su zama layi ɗaya. Ma'anarsa katin ba zai ƙara wuce 900 mV ba. Buga gem mai nauyi awa ɗaya. Idan ya fita da kansa ko allo ya ɗauke ya dawo, rage 15 ko 30 MHz ka sake. Babu abin da ke ƙonewa a nan, ƙarancin boltej faɗuwar gem kawai yake jawowa. Kuma kada ka kwafi lambar wani daga intanet ka zauna a kanta, ko katuna biyu iri ɗaya ba sa ɗaukar lamba ɗaya.

A furosesar Ryzen, shiga BIOS ka kunna Eco Mode idan taka mai wat 105 ce ko sama. Sannan a ƙarƙashin Precision Boost Overdrive akwai Curve Optimizer. Zaɓi All Cores, Negative, fara da 10. Yi kwana biyu kana aiki da ita, sannan 15, sannan 20. Abin lura shi ne idan ka wuce gona da iri, ba lallai ta faɗi a cikin gem ba. Takan mutu ta tashi ne lokacin da take zaune babu aiki, ko kana karatu a burauza. Idan ka ga haka, kada ka ɗora wa masu wuta laifi, koma baya da 5. A Intel, nemi PL1 da PL2, iyakokin wat ɗin da furosesa za ta ja, ka saka su daidai da ƙarfin ƙarfen sanyayarka, misali wat 90 zuwa 125 ga gajere. Mai ƙarni na 13 ko 14 ya sabunta BIOS, domin a 2024 Intel ta fitar da gyara ga matsalar boltej da ke lalata waɗannan furosesoshin a hankali. Amma kada ka fara sabunta BIOS sai kwamfutar tana kan UPS ko infata. Wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Fankoki

Ƙarar fanka tana hawa da sauri fiye da gudunta. Idan ka raba gudun biyu, ƙarar takan sauka da wajen desibel 15, kuma kunne yana jin ragin desibel 10 kamar an rage rabin ƙara. Shi ya sa fanka mai milimita 120 da ke juyi 1,000 a minti ta fi ƙarama mai juyi 2,500 daɗin zama. Sannan abin da ya fi gajiyar da mutum ba ƙarar da ta tsaya wuri ɗaya ba ce, hawa da saukarta ne. Zafin Ryzen yana tsalle digiri 10 don kawai ka buɗe shafi, fanka ta bi shi da ihu ta dawo. A BIOS nemi Step Up da Step Down ka ba su sakan 3 zuwa 5, ka kuma shimfiɗa layin fankar ya zauna wajen kashi 40 har zuwa digiri 65 kafin ya fara hawa. Fankokin akwati kuwa, manhajar Fan Control tana bari ka ɗaure su da zafin katin hoto, wanda shi ne babban murhun gidan a lokacin gem.

Iska ta shigo ta ƙasa ko gefe, ta fita ta sama ko baya. Duba fuskar fankar: ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe injin, ta nan iska take fita. Kada ka cusa kwamfutar a cikin kabad ɗin talabijin ko ka jingina ta da bango, za ta riƙa shaƙar numfashinta ne. Bar mata taƙi guda kowane gefe, kuma ɗauke ta daga kan kafet.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu yana yi wa ƙananan akwatuna illar da ba ya yi wa manya, domin yawancinsu huji ne ko'ina kuma babu matata. Kashe kwamfutar, haska fitilar wayarka ta tsakanin fikafikan fankar katin hoto. Idan ka ga wani abu ja-ja mai laushi ya shimfiɗu a bakin siraran ƙarafan kamar audugar katifa, wannan bargo ne, iska ba ta ratsa shi. Fankar tana juyi, tana ƙara, amma ba ta sanyaya komai.

A lokacin hunturu a share duk mako biyu ko uku, da damina wata biyu ya isa. Cire wayar wuta, fita da ita waje, yi amfani da bulowar hannu ta lantarki da burushin fenti mai laushi. Riƙe kowace fanka da yatsa kafin ka hura mata iska, idan ka bar ta ta yi ta juyi fiye da ƙima za ka cinye mata boris, daga baya ta fara ƙarar gurzawa. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata da kwamfuresarsa. Tankin nan yana tara ruwa da mai, kuma su zai fesa a kan madabod. Idan ba a aiki da ita a lulluɓe ta da zani, a yaye kafin a kunna. Matatar ƙura mai maganaɗisu tana taimakawa a wurin shigar iska, amma takan ƙara 'yan digiri, kuma idan ba za ka riƙa wanke ta ba gara babu.

Man furosesa ba ya buƙatar canji kowane wata shida kamar yadda wasu suke faɗa. Sai awo ya nuna. Idan za ka canza, ɗumama kwamfutar tukuna don man ya yi laushi, murɗa ƙarfen a hankali kafin ka ɗaga, musamman a AM4, mazaunin tsofaffin Ryzen a madabod, inda furosesa kan biyo ƙarfen ta lanƙwasa ƙafafu. Goge da auduga da sifirit, bari ya bushe sarai, ɗiga sabon mai kamar ƙwayar waken soya a tsakiya, ka ɗaure kusoshin kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan. Idan ƙarfen sabo ne, duba ƙasansa ka ɓare ledar da ke manne. Furosesar da ta kai digiri 95 sakan kaɗan bayan kunnawa, sau da yawa wannan ledar ce.

Wuta

Fawa fak shi ne yake ba kayan kwamfuta wuta, kuma ɗan ƙaramin da ƙananan akwatuna suke ɗauka, SFX, ya fi na yau da kullum tsada, kuma nan ne wasu suke neman sauƙi. Araha ba ta ado. Nemi mai shaidar 80 Plus Gold daga kamfanin da aka sani, wat 650 zuwa 750 ya ishi 4070 da Ryzen 5 ko 7 har da rara. Wanda ba shi da inganci yana mayar da wuta mai yawa zafi a cikin akwatin, fankarsa kuma ƙarama ce mai tsiwa. UPS ɗin da za ka haɗa masa ya zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wanda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinsa, domin fawa fak na zamani yana iya mutuwa a daidai lokacin sauyawa zuwa batir idan UPS ɗin na gama-gari ne. Duba wat, ba VA ba: wanda aka rubuta 1500VA galibi wat 900 ne ko kusa. Kada ka haɗa kwamfutar kai tsaye da ƙaramin janareto da firij ko famfon ruwa suke kai, duk tashin injinsu wuta takan yi ƙasa ta yi sama. Da damina, idan hadari ya haɗu ana tsawa, cire wayar wuta har da ta intanet.

Ga mai infata, lissafin rage wuta a fili yake. Batir ɗaya mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da 2.4 kWh a rubuce, kuma irin mai ruwa rabinsa ake ci idan ana so ya daɗe, wato 1.2 kWh. Kwamfuta da monita masu jan wat 350 za su cinye wannan cikin awa uku, bayan an cire asarar infata. Ka ƙayyade firam, ka rage boltej, jan ya sauko 250, za ka samu sama da awa huɗu a kan batir ɗin nan, fankar infatar ma ta rage kuka.